A Mayar da Baƙin

Wayar tsohon nan takan yi kwana huɗu, wani lokaci har biyar, ba ta ce uffan ba, in ba saƙon kamfanin waya ba. Shi ya sa ranar Litinin da safe, da ta yi ƙara yana tsakiyar juya shayi, sai da ya zubar da rabin kofin a kan tebur kafin hannunsa ya kai gare ta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin kashe gobara, har sunan aikin ya biyo shi gida. Duk layin Baba Kwana-kwana suke ce masa, yaran da aka haifa bayan ya ajiye aiki ma haka suke kiransa ba su san dalili ba. Matarsa ta rasu shekara biyu ke nan. 'Yarsu ɗaya tal, tana aure a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ita ma aiki ya sha mata kai. Gidan ɗaki biyu ne da falo, amma a falon kawai yake rayuwarsa, da kujerarsa da rediyonsa da kofi ɗaya. Ɗakin marigayiya yakan buɗe shi sau ɗaya a mako, ya share, ya ja ƙofa.

Saƙon murya ne daga jikarsa, 'yar shekara tara, wadda shi da kansa ya laƙa wa suna Aku tun tana rarrafe, saboda bakinta ba ya hutawa. Rabonsa da ganinta tun zaman makokin kakarta. Rabonsa da jin muryarta kuwa wata biyar, a ƙarshen wata waya da ya yi da uwarta, inda ta ce "ina wuni" ta gudu.

"Kaka! Kaka, ni ce. Malamarmu ta ce ranar Alhamis kowa ya kawo hoton wani ɗan gidansu yana aikinsa, a tsaya gaban aji a yi bayani. Ni na ce kakana cikin wuta yake shiga. Sai wata da ke zama bayana ta ce wai ƙarya nake, ba mai shiga wuta ya fito. Ka turo min hotonka a cikin wuta, Mama za ta buga min. Wuta sosai fa! Kar ka manta irin na tsofaffi. Ga Mama nan tana kira..."

Sau bakwai ya saurara. A na bakwai ya tsinci kansa yana ba ta amsa da ƙarfi, shi kaɗai a falo: "Ke ce tsohuwa, mara kunya."

Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ya zazzage. Takardun aiki, katin asibiti, hotunan bikin 'yarsa, wata lambar yabo da ta yi tsatsa. Hotonsa da kayan aiki guda ɗaya ne tak a duniya. Yana tsaye gaban farin bangon ofis, hular kwano a hammata, takalmi sai sheƙi, yana murmushi kamar an ce masa ga albishir. Allah sarki, wa zai tsaya ɗaukar hoto ana gobara? Wanda ke da hannu biyu ai ruwa zai riƙe.

Ya zauna da hoton a cinya. Yarinya ta tuna da shi, ta yi alfahari da shi a gaban mutane, an ƙaryata ta, ta juyo wurinsa. In ya tura mata mutum gaban farin bango, to ya tabbatar wa ta bayanta magana, kuma ya san halin yara: wanda ya ba su kunya sau ɗaya ba sa sake neman sa.

A bakin babban titi, tsakanin mai gyaran fanka da kantin magani, akwai wani ɗan shago da yakan wuce kullum. Ƙofarsa duk fostoci ne, kuma kusan kowacce da wuta a jikinta: 'yan ƙwallo ƙafafunsu na ci da wuta, motar tsere, kaza a kan tire harshen wuta na lasarta. Mai shagon mace ce da ta haura arba'in, da tabarau mai kauri da igiya a wuya, kowa Mai Fosta yake ce mata. Ya sa rigarsa mai guga ya tafi.

"Sannu da zuwa, Baba. Katin biki ne? Amarya za a ƙara?"

"Ke dai bari, 'yata. Wa zai ɗauki tsohon ƙarfe? Wuta nake so ki sa min."

"Ka zo gidanta. Ina za a kunna?"

Ya miƙa hoton, ya ba ta labarin Aku da ta bayanta. Ta yi dariya har tabarau ya zame mata, ta jawo masa kujerar roba kusa da tata, ta sa hoton a sikana. Kafin ya gama gyara zama ga shi nan a fuskar kwamfuta, ya ninka girmansa. Ta bi gefen jikinsa da linzamin kwamfutar a hankali, kafaɗa, kunne, gwiwar hannu, ta danna wani abu, farin bangon ya ɓace bat. Ya rage shi kaɗai a tsaye ba komai a bayansa.

"Haka dai nake a gida," in ji shi. Ta kalle shi ta saman tabarau.

Ta buɗe wata ma'ajiya cike da hotunan wuta, sun fi ɗari, kowacce an ɗauke ta a cikin baƙin duhu. Ta zaɓi wata doguwa ta jefa a kansa, ta rufe shi ruf.

"Kin binne ni."

"Yi haƙuri ka gani. Aikin nan leya-leya ne, kamar ka jera ledoji masu shara-shara, ɗaya kan ɗaya. Kai kana leda ɗaya, wuta tana wata. Yanzu akwai wani zaɓi a nan, in na danna shi, duk abin da yake baƙi a ledar wuta sai ya tafi, hasken kaɗai ya rage. Duba."

Ta danna. Baƙin ya wanke tas, ga harsunan wuta ja da rawaya suna tashi a bayansa da gefensa, shi kuma a tsakiya. Ta ƙara wata a ƙasan ƙafafunsa, ta watsa tartsatsi a sama, ta ɗauki wani burushi mai laushi ta shafa masa ruwan lemo a gefen kunci da kafaɗa, wai don a ga wutar ta haska shi. Minti ashirin ba su cika ba.

Gaskiya hoton ya yi kyau. Tsohon ya ji ƙirjinsa ya buɗe, ya ga Aku tsaye gaban aji tana ɗaga shi sama. Da ya tashi a lokacin, da shi ke nan. Amma idon da ya shekara talatin da ɗaya yana karanta wuta ba ya iya kallonta ya yi shiru.

"'Yata, wannan ta hagun iska na kaɗa ta gabas, ta daman kuma yamma. Iska biyu ne a ɗakin?"

"Baba, ba mai lura."

"Kuma wannan wutar gas ce, kin ga gindinta shuɗi. Waccan ta itace ce. Sannan wane mahaukaci ne zai juya wa wuta baya, hula a hammata, yana washe haƙora? Wanda ya tsaya haka ai sai dai a zo a kwashe shi."

"To kai ne ai ka tsaya haka."

"Gaban bango na tsaya!"

Ta tuntsire da dariya. Shekara goma sha biyu tana sa wa mutane wuta a fosta, ta ce, ba wanda ya taɓa cewa komai sai "ƙara". Ta juya ta hagun ta fuskanci inda 'yar'uwarta ta fuskanta, ta cire mai shuɗin gindi. Hular kuwa ta yanko ta daga hammata ta ɗora masa a ka, ta cike gurbin da launin rigar. Da farko ta zauna a karkace kamar ta ɗan daudun kasuwa mai tallan turare, suka yi ta gyara suna dariya. Sai ga mutane sun taru da aikinsu, ta ce ya dawo gobe da hantsi, ai akwai lokaci kafin Alhamis.

A hanyar gida ya lura yana tafiya da sauri, ya kuma lura ba inda yake sauri zuwa. Ya ci abinci a tsaye. Da yamma ya sake guge rigar, ko da yake ba ta yamutse ba.

Ranar Talata tun kafin ta gama share gaban shago ya iso. Ta kunna kwamfuta, hoton ya fito, ya daɗe yana kallo, hannu a haɓa.

"Na kwana ina tunanin abin da ke damuna da shi," ya ce. "Wannan zaɓin naki da ke cire baƙi. Ina baƙin yake tafiya?"

"Ba inda yake tafiya. Ɓoye shi kawai ake yi."

"To abin da kika ɓoye shi ne gobarar. Wannan jan da kuke so, 'yan kallo ne ke ganinsa daga tsallaken titi. Mu da ke ciki baƙi muke gani. In ka shiga ɗaki, ka sa hannunka gaban fuskarka ba za ka gan shi ba. Ki mayar min da baƙin."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Akwai kishiyar wancan zaɓin. Shi kuma fari yake ɓoyewa, ya bar duhu. Ban cika amfani da shi a wuta ba, sai in zan yi inuwa."

"Gwada."

Ta nemo hoton hayaƙi, ta juya launinsa ya koma baƙi a kan fari, ta ɗora, ta danna kishiyar. Hayaƙi mai kauri ya sauko a kan hoton. Tsohon ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa teburin.

"Yauwa. Amma ba daga ƙasa yake tasowa ba. Sama yake fara taruwa, ya cika rufi, sannan ya riƙa saukowa kamar ana sauke labule. Ƙasa-ƙasa ne ake samun ɗan sarari, kamar kamu biyu daga daɓe. Shi ya sa ba ma tafiya a tsaye. Rarrafe muke."

Ta ɗauki burushin gogewa ta rage hayaƙin daga ƙasa, ta ƙara wata leya a sama. Ya ce harsunan nan dogaye su tafi. Ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da 'yar alamar ido a gefenta, in ta danna sai idon ya rufe, wutar ta mutu. Ya ce a bar guda, a can ƙuryar hagu, a ƙasa, kuma kar a ga harshenta, a ga dai wani ja mai duhu kamar garwashi a bayan bargo. Ta dusashe ta, ta rage ƙarfinta zuwa kashi talatin. Ya ce ashirin da biyar.

Ana cikin haka wani ƙato mai gasa kaji ya leƙo karɓar allon shagonsa. Ya duba nasa, ya ce wutar ta yi kaɗan, a ƙara, yana so mai wucewa ya ji zafi tun daga mota. Sannan ya leƙa fuskar kwamfuta.

"Anti, na'urar taki ta lalace ne? Na ga ta yi baƙi."

"Aikin Baba ne. Shi ragewa yake, kai kana ƙarawa. Da zan haɗa ku biyu da na huta."

"Baba, ka ba ni taka da ka rage mana, kar ta yi asara."

"Ɗauki duka, ɗana. Ka dai ajiye bokitin yashi kusa da murhun nan naka, na ga inda ka jingina tukunyar gas."

Mutumin ya fita yana dariya, yana cewa tsoho ya sa masa ido.

Da shagon ya yi shiru, Mai Fosta ta tambaye shi, tana aiki ba ta juyo ba, to in ba a gani, ta yaya ake samun mutum a ciki? Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Marigayiya, Allah ya ji ƙanta, in ya dawo yana warin hayaƙi takan ɗora masa ruwan wanka ta ce kar ya gaya mata komai, in ta ji ba za ta bar shi ya koma ba. 'Yarsa kuma ta taso ta tarar ba a maganar, ita ma ba ta yi.

"Da hannu," ya ce. "Hannun hagu a jikin bango, kar ka sake shi, shi ne hanyarka ta komawa. Na dama kana shara da shi a ƙasa, haka." Ya sunkuya daga kan kujera ya shara hannu a daɓen shagon. "Ka taɓa ƙafar kujera, ka taɓa takalmi, ka matsa ka ji ko da ƙafa a ciki. Akwai wani bene a saman shagon katifa. Na shara, na shara, iskar tukunyar da na goya ta kusa ƙarewa, ana ja min igiya in fito. Sai na taɓa wani abu mai laushi, na ce matashin kai ne. Har na wuce. Sai matashin ya riƙe min yatsa."

Linzamin ya tsaya a hannunta. "Ya rayu?"

"Ta rayu. 'Yar wata takwas. A nan na samu wannan, silin ya narke ya ɗigo, safar hannuna ta ƙone." Ya juya bayan hannunsa na dama. Fatar wurin sumul take tana sheƙi, a tattare kamar ledar da ta sha zafi. "Aku tana ƙarama takan danna shi da yatsa ta ce wai kakanta da roba aka yi shi."

Mai Fosta ta tashi ta ɗauko wayarta. "Sake yi. Sa hannun a ƙasa kamar ɗazu."

"Me za ki yi da hannun tsoho?"

"Kai dai sa."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya shimfiɗa hannun a daɓe, ta ɗauka. Ta tura hoton cikin kwamfuta, ta yanke hannun, ta kai shi can ƙasan hoton, cikin ɗan sararin da hayaƙi bai kai ba, ta shafa masa ja kaɗan a gefen da ke fuskantar garwashin. Mutumin da ke tsaye kuwa, tunda an ce ba a tsayawa, hayaƙi ya ci gaba da cin sa. Kafin azahar ya kai masa ƙirji. Da za su rabu ya kai wuya.

Ranar Laraba suka gama. Leya goma sha huɗu, ta sa wa kowacce suna da kalmominsa: labule, garwashi, kamu biyu, hannu. Tsohon ya jingina da kujera ya sauke numfashi. Har ɗacin hayaƙi ya ji a maƙogwaro, irin wanda ya rabu da ji shekara da shekaru.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Wallahi ita ce. Nan na yi aiki."

Mai Fosta ta ƙura wa hoton ido. Sannan ta ce, "Baba, ina kake a ciki?"

Ya duba. Baƙi ne daga sama har kusan ƙasa, da ɗan ja a ƙurya, da hannu. Na tsayen ya tafi gaba ɗaya, da hular da suka sha wahalar gyarawa, da murmushin, da komai. Kwana uku suna aiki, shi yana neman gobararsa, ita tana jin daɗin samun wanda ya san abin da take zanawa, duk su biyun sun manta cewa yarinya 'yar shekara tara ce za ta ɗaga wannan a gaban yara talatin.

"Na ajiye na ranar Litinin," ta ce. Ta buɗe shi a gefe. Ga jarumi nan cikin harsunan wuta, kunci na sheƙi. "Wannan za su tafa mata. Wancan kuwa, ka yi haƙuri, dariya za su yi. Ko kuma mu raba, ga wannan." Ta nuna masa wani ɗan layi da maɓalli a kai, ta ɗora hannunsa a kan linzami. "Ja hagu, hayaƙin ya ragu."

Ya ja. Fuskarsa ta fara fitowa daga cikin duhu, goshi, hanci, haƙora. Ya ja dama, ta nutse. Ya yi haka ya fi sau goma, yana fito da saurayin nan yana mayar da shi. Duk inda ya tsayar, mutum ne a tsaye yana murmushi a inda ba mai tsayawa ya yi numfashi biyu.

"An ce mata maƙaryaciya," ya ce. "In na ba ta na Litinin ta ɗaga, ni na mayar da ita maƙaryaciyar, ita ba ta sani ba."

"Baba, yara ne fa. Ba kotu za ta ba."

"Na sani."

"Taurin kai dai."

"Marigayiya ma haka take cewa." Ya ja maɓallin har ƙarshen dama ya saki linzamin. "Tura wannan."

Ta jona wayarsa da kwamfuta ta zuba masa hoton, ta nuna masa yadda zai tura wa 'yarsa. Ya so ya haɗa da saƙon murya ya yi bayani, ya danna, ya ce "Aku," sai maganar ta tsaya masa, ya goge. Hoton ya tafi shi kaɗai. Mai Fosta ta buga masa guda a takarda mai sheƙi ta sa a ambulan, ta ce ya riƙa leƙowa ko ba aiki, kujerar roba ba ta da mai ita. Ya ce to. Ya san irin wannan "to" ɗin, ita ma ta sani.

Kafin ya isa gida alamar ta nuna an buɗe saƙon, amma ba a ba da amsa ba.

Ranar Alhamis ya tashi ya guge riga, sai da ya gama ya tuna ba inda za shi. Ya rataye ta a bayan ƙofa. Ya jingina hoton a kan rediyo ya zauna yana kallon agogo. Ƙarfe takwas, yanzu sun shiga aji. Ƙarfe goma, wataƙila an fara kira. Ya buɗe ɗakin marigayiya ya share, ko da yake ba ranar shara ba ce. Wajen sha biyu ya ɗauki waya zai kira Mai Fosta ta turo na Litinin, ya tuna ba shi da lambarta, kuma ko da yana da ita lokaci ya wuce. Ƙarfe biyu yaran layi suka dawo daga makaranta suna ihu, wani ya buga ƙwallo a ƙofarsa ya ce "yi haƙuri, Baba Kwana-kwana," suka wuce. Shayin da ya haɗa da rana ya huce a kofi bai sha ba.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Wannan karon kira ne.

"Kaka."

"Na'am, Aku. Ya makaranta?"

"Ka ba ni kunya." Muryar a cushe take, ta sha kuka ta gaji. "Na ce wuta sosai. Da na ɗaga suka ce na kawo hoton ɗauke wuta. Har malama sai da ta rufe baki. Wani ya kawo babansa a cikin jirgi, wata ta kawo mamarta da allura. Ni kuma baƙar takarda. Ta bayana ta ce ai da ma ta faɗa."

Ya rufe ido. "Ki yi haƙuri, uwata. Akwai wani mai wuta da yawa, in kina so..."

"An gama ai. Ba a sakewa."

Yana jin ƙarar talabijin a can gidansu, da cokali na bugun tukunya. Ya jira ta ce sai an jima ta miƙa wa uwarta. Ya riga ya fara shirya abin da zai ce wa uwar.

"Hannunka ne a ƙasa," ta ce. "Na gane robar. Na gaya musu, ba su yarda ba."

"Nawa ne."

"To me ya sa yake ƙasa? Wani abu ka yar?"

"Nema nake."

"Neman me? Ai ba a ganin komai."

"Shi ya sa ake nema da hannu. Kina kusa da bango?"

"Eh."

"Durƙusa. Sa hannun hagu a jikinsa, kar ki sake. Rufe ido. Kin rufe? Ban da leƙe, na san ki. Yanzu shara na dama a ƙasa, a hankali. Me kika taɓa?"

Ya ji motsi, da numfashinta dab da wayar. "Takalmin babana."

"Matsa ki ji ko da ƙafa a ciki."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda ke fitowa bayan kuka. "Babu. Kai ka taɓa samun mai ƙafa?"

Ya fara ba ta labarin benen da ke saman shagon katifa. Ya kai inda ake ja masa igiya, ya kai inda ya taɓa abu mai laushi ya wuce. Aku, wadda bakinta ba ya hutawa, ko tari ba ta yi ba. Sai muryar uwarta ta taso daga nesa, a kawo wayar ana jiran wani kira, kuma abinci na hucewa.

"Mama, tsaya! Kaka, mene ne mai laushin? Kaka, yi sauri..."

"Gaida Baba, ki ce zan kira shi," in ji uwar, kusa yanzu. Layin ya katse.

Ya daɗe da wayar a kunne. Falon ya koma yadda yake, hasken yamma ya sauko kan rediyo, ya kama ɗan jan da ke ƙuryar hoton. "Zan kira shi" ɗin 'yarsa ya san tsawonsa, yakan kai wata. Na Aku ne bai sani ba, don bai taɓa barin ta da rabin labari ba.

Ya duba wayar, cajin ya yi ƙasa. Ya tashi ya nemo abin caji, ya jawo ɗan teburin kusa da kujerarsa, ya ƙure ƙarar har ƙarshe, ya ajiye ta fuska sama. Sannan ya zubar da shayin da ya huce ya ɗora wani.